Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Limamanmu na Juma'a: Ku Dawo Mana da Tambayar "Ina Ya Samo?"

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara, domin ƙarami ya tsaya gaban manya yana magana a bainar jama'a ba tarbiyyar da aka yi mana ba ce. Ni ba malamin addini ba ne. Hausa nake koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Zariya, sama da shekara 20 ke nan. A bayanku nake sallah, ɗan abin da na sani na addini kuma daga bakinku na ji shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da wani yaro ya faɗa mini a aji, wadda ta hana ni barci kwana da kwanaki, kuma na rasa inda zan kai ta in ba wurinku ba.

Aikin gida na ba 'yan ajina. Na ce kowa ya je ya tambayi mutanen gidansu, ya kawo mini karin magana uku a kan kuɗi da dukiya. Da na zauna duba takardun, abu ɗaya na yi ta cin karo da shi: "kuɗi ƙare magana", "kuɗi masu gidan rana", sai wasu sababbin zantuka na bakin titi da na bayan Keke Napep waɗanda duk ma'anarsu ita ce wanda ba shi da shi ba mutum ba ne. 'Yan kaɗan ne ƙwarai suka rubuta "kwaɗayi mabuɗin wahala" ko "alheri gadon barci". Washegari na shiga aji na rubuta a allo: gaskiya ta fi kwabo. Na ce wa zai yi mini bayani? Wani yaro mai natsuwa, wanda ban taɓa kama shi da rashin kunya ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gaskiya ta fi kwabo, amma ba ta fi miliyan ba." Ajin ya fashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba, domin da gaske yake. Na ce masa wa ya koya maka haka? Ya ce, "Malam, ko a masallaci ai sunan masu kuɗi ake kira."

Allah ya gafarta malamai, ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar.

Wannan karin magana da na rubuta a allo, mu mutanen Zariya muna da alaƙa ta musamman da ita. A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita. Har yau akwai unguwar da ake kira Gaskiya saboda kamfanin da ya riƙa buga ta a da. A wancan zamani kwabo kuɗi ne na gaske, ana cin abinci da shi a ƙoshi, akwai ma anini a ƙasansa. Waɗanda suka raɗa wa jaridar suna sun san mai karatu zai ji maganar a jikinsa: ka ba da abin da ke da daraja a aljihunka, ka karɓi abin da ya fi shi. Yau yaran da nake koyarwa ba su taɓa riƙe kwabo a hannu ba. Naira da ta maye gurbin fam da sule a ranar 1 ga Janairun 1973 ita ma ta zube, har takardar dubu ɗaya ba ta sayen mudun shinkafa. Na daɗe ina ɗauka cewa kuɗin ne kawai ya lalace. Maganar yaron nan ce ta nuna mini cewa a idon 'ya'yanmu gaskiyar ma an yi mata farashi, sai dai ya ɗan ɗara na kwabo.

Ba zan yi wa magabata ƙarya ba in ce ba su san daɗin kuɗi ba. Su ne suka ce matsiyaci ko ka so shi, ran biki ka ƙi shi. Su ne suka ce mai arziki ko a Kwara ya sayar da ruwa. Bahaushe ɗan kasuwa ne tun fil azal, ya yi fatauci da jakuna har Gwanja don goro, ya ratsa sahara da fata da tufafin rini. Addininmu ma bai ce a ƙi nema ba. Ku kuka karantar da mu cewa da Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina aka yi masa tayin rabin dukiya, sai ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Amma duk inda magabata suka ajiye maganar da ke yabon kuɗi, sun ajiye wata a gefenta da ke ja mata linzami. Suka ce arziki rigar ƙaya. Suka ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Suka ce zafin nema ba ya kawo samu, kuma abin duniya a duniya ake barinsa. Yaron da ya tashi yana jin ɓangarorin nan biyu, yakan girma yana son ya samu, yana kuma tsoron hanyar da zai bi ya samu. 'Yan ajina ɓangare ɗaya kawai suka gada.

Kuma arzikin da ake girmamawa a da, arziki ne da aka san hanyarsa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, babu wanda ya kai shi dukiya a zamaninsa a wannan yanki, amma duk Kano an san daga ina ta fito: goro ne daga Gwanja, sannan gyaɗa. Mutane sun ga ayarinsa, sun ga dalar gyaɗa da idonsu, sun san yaransa da dillalansa. Wanda kuwa ya kwana ba shi da ko sisi ya wayi gari da doki da babbar riga, ba tafi ake yi masa ba, kallon tuhuma ake yi masa. Ni da kaina na tashi a gidan da in ka shigo da sabon takalmi, kafin ka zauna mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, za ta ce, "Ina ka samo?" In amsar ba ta gamsar da ita ba, da kai da takalmin za ku koma inda kuka fito, ita tana biye da ku da mayafinta. Na ji haushin wannan tambaya ina yaro. Yanzu da na ga gidajen da ba a yin ta, na san irin katangar da ta gina mana.

Wannan tambaya ce ta ɓace. Yaro ɗan shekara 22 da ba a san shi da sana'a ba zai shigo unguwa da mota, uwa ta rangaɗa guɗa, uba ya ce Allah ya yi albarka, maƙwabta su zo taya murna. Ma'aikacin da kowa ya san albashinsa zai gina gidan da albashin shekara 50 ba zai gina ba, a ce Allah ne ya buɗa masa. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, a Zamfara da Katsina da nan Birnin Gwari, abin da ya fi ɗaga wa mutane hankali shi ne infoma, mutumin gari da ke sayar da maƙwabcinsa saboda a ba shi wani abu daga kuɗin fansa. Infoma ba daga sama ya faɗo ba. A cikinmu ya tashi, ya ga wanda ake tashi tsaye in ya shigo da wanda ake barin sa a tsaye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A nan ne maganata ta iso ƙofarku, kuma ina roƙon ku yi mini haƙuri.

Duk wanda ke zuwa Juma'a ko tafsirin azumi ya san yadda neman taimakon masallaci yake gudana a wurare da yawa. Ana idar da sallah a ce jama'a su ɗan dakata. Mai sanarwa ya karɓi lasifika: Alhaji wane ya ba da naira miliyan kaza. Kabbara! Masallaci ya ɗauka. A yi masa addu'a da sunansa da na iyayensa, a roƙa masa ƙarin buɗi. Wani ya ji, shi ma ya ɗaga hannu ya ninka. Ana cikin haka akwai ɗan acaɓan da ya jefa ɗari biyu a akwati, wadda ita ce kuɗin man da zai koma gida da shi. Akwai tsohuwa mai ƙosai da ta aiko jikanta da ɗari biyar a ƙulle a bakin zane. Su ba a san da su ba. Ku kuka karanta mana hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce dirhami ɗaya ya tsere wa dirhami dubu ɗari, domin mai dirhami biyu ne ya ba da ɗaya, shi kuwa ɗayan daga gefen dukiyarsa mai yawa ya ɗebo. To yaron da ke zaune a sahu na goma yana kallo, wane darasi zai tafi da shi gida? Hadisin da ya ji a huɗuba, ko kabbarar da ya ji bayan sallah? Ni malamin makaranta ne, na san yara sun fi koyon abin da suka ga ana yi a kan abin da aka faɗa musu.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, ba a tambayar daga ina miliyoyin suka fito. Wani lokaci duk unguwa an san mutumin: an san ya riƙe muƙami ya bar asibitin garinsu babu magani, ko ya danne gadon marayu, ko yana ɓoye hatsi sai ya yi tsada, ko yana sayar da ƙwayoyin da ke haukata samarinmu. Ranar da ya sa wa masallaci tayil da fanka da sola, sai ya zama uban masallaci, a keɓe masa wuri a sahun gaba ko da ya zo ana tada iƙama. Alhali kuwa hadisin da yara ke haddacewa a Islamiyya ya ce Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki, kuma a cikinsa aka ambaci mutumin da ya yi doguwar tafiya, ya yi buɗu-buɗu, yana ɗaga hannu yana "Ya Rabbi, Ya Rabbi", amma cinsa haram, shansa haram, suturarsa haram, ta yaya za a amsa masa? Haka nan hadisin da ya ce ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi, daga cikin tambayoyin har da dukiyarsa: ina ya samo ta, kuma a me ya kashe ta. Ashe tambayar mahaifiyata ba tata ba ce, aro ta yi daga wurinku. Mu kuwa yanzu rabin tambayar kawai muke yi. Muna duba inda aka kashe, in masallaci ne mu yi kabbara, mu bar inda aka samo.

Haka abin yake a ɗaurin aure. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, kuma Annabi ya ce wa wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe. Amma yau a lasifika ake shelar sadaki, in ya yi yawa a ji jama'a sun yi gunaguni na sha'awa, in kaɗan ne a faɗe shi da sauri kamar abin kunya. Binciken da iyaye ke yi a da, na asali da hali da sana'a da abokan yaro, ya koma tambaya ɗaya: me yake da shi? Na ga ɗalibaina mata masu hankali an cire su an ba wanda ba a san komai a kansa ba sai motarsa da yawan akwatunan lefensa, bayan shekara ɗaya sun dawo gida da goyo da takardar saki. Jana'iza ma ba ta tsira ba. Gawar mai hali, manyan malamai ke rige-rigen zuwa, a rufe titi. Gawar mai gadi ko mai faskare, a yi ta neman wanda zai tsaya gaba. Ba na cewa dukkanku haka kuke, wallahi na san limaman da ke tafiya a ƙasa cikin rana zuwa jana'izar almajiri. Amma abin ya yi yawan da yara suka lura da shi.

Na san abin da za a ce mini, kuma ban raina shi ba. Za a ce ana sanar da sunan mai bayarwa ne don a zaburar da wasu, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ce in kun bayyana sadaka to madalla da ita. Gaskiya ne. Amma ayar ba a nan ta tsaya ba, ta ci gaba da cewa in kun ɓoye ta kuka ba matalauta, shi ya fi muku alheri. Za a ce liman ba ɗan sanda ba ne, ba alƙali ba ne, kuma an hana mu zato da bin diddigin mutane. Wannan ma gaskiya ne, ni ma ba cewa nake ku kafa kotu a ƙofar masallaci ba, ko ku tozarta wani a kan jita-jita. Akwai tazara mai nisa tsakanin tona asirin mutum da ɗaga shi sama a matsayin abin koyi. Wanda al'amarinsa ke da duhu, a bar shi da Ubangijinsa, ya ba da abin da zai bayar a asirce in yana so. Abin da ke lalata mana yara shi ne kabbarar da kirarin.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa ba, wadda laifinmu ce mu mamu. Yawancin limamai ba su da albashi. Suna da iyali, suna biyan kuɗin makaranta da na asibiti kamar kowa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsanani a kan kowa. Mun bar liman da buhun shinkafar mutum ɗaya, sannan muna so ya hau mumbari ya faɗa wa mutumin gaskiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In muna son bakin liman ya zama nasa, to jama'ar unguwa su ɗauki nauyinsa, kowa da ɗan abin da zai iya duk wata, a rubuce, a hannun kwamiti mai amana, yadda abincin gidansa ba zai dogara da fuskar mutum ɗaya ba. Wannan na faɗa a kwamitin masallacin unguwarmu, kuma zan ci gaba da faɗa.

Ku ne magadan mutanen da suka san wannan haɗari tun kafin a haife mu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu mai zafi a kan miyagun malamai masu gyara wa masu iko da dukiya ɓarnarsu. Ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu, ana tsakiyar jihadi, da ya ga hankalin mutane ya fara karkata ga tara dawaki da tufafi da muƙamai, sai ya bar rundunar ya kama hanyar gabas da niyyar tafiya Makka, har sai da mutanen Kano suka tsayar da shi ya zauna yana karantar da su. Mutumin da ake cin nasara da shi, ganima na shigowa, shi ne ya juya baya saboda tsoron abin da dukiya ke yi wa zukata. Kuma ku kuke fassara mana Suratu Abasa duk azumi, inda Allah ya yi magana saboda makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum, a lokacin da ake zaune da manyan Ƙuraishawa.

Ko a cikin 'yan boko da 'yan siyasa, waɗanda har yau ake ambata da alheri ba don dukiya ake ambatonsu ba. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, duk wanda ya shiga gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mambayya, ya ga irin ɗakin da ya rayu a ciki. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi Firayim Minista bai bar abin a zo a gani ba. Hotonsa na kan naira biyar, na Janar Murtala na kan naira ashirin, na Sardauna na kan ɗari biyu. Yaranmu suna ƙirga takardun nan kullum, ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu cewa mutanen da ke jikin kuɗin ba tara kuɗin ne ya kai su can ba.

Allah ma ya nuna mana aya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mutum yana da miliyoyi a banki, ya kwana a layin na'urar cirar kuɗi bai samu ko dubu biyu ba, mai POS yana yanka masa abin da ya ga dama. A makonnin nan na ga abin da ya ciyar da gidaje a unguwarmu. Mai kanti ya buɗe littafin bashi, mai nama da mai kayan miya suka ce ɗauka, in an samu ka kawo. Amma ba kowa suka ce wa haka ba. Wanda aka san shi da cika alkawari ya ɗauki abinci ba ko sisi a hannunsa, wani kuma da babbar motarsa aka ce masa sai dai ya kawo tsaba. Mutuncin da mutum ya tara shekara da shekaru shi ya zama kuɗinsa. Na so a ce an hau mumbari an tsaya a kan wannan darasi sosai, amma da takardun kuɗi suka dawo sai muka manta.

Roƙona gare ku, Allah ya gafarta malamai, ba mai tsada ba ne. In za a nemi taimakon masallaci, a faɗi jimillar abin da aka tara da abin da aka yi da shi, a yi wa duk wanda ya bayar addu'a gaba ɗaya, a bar kiran suna da adadi. Sahun gaba ya zama na wanda ya riga zuwa. A wurin ɗaurin aure, ku ce an biya sadaki, ya wadatar, sannan ku tambayi waliyyi a gaban jama'a ko ya binciki halin yaron da sana'arsa. Ku ware huɗuba, ba sau ɗaya a shekara ba, ku yi wa iyaye magana kai tsaye cewa karɓar kuɗi daga hannun ɗan da ba su san sana'arsa ba, ba tare da tambaya ba, hannu ne suka sa a cikin abin da yake yi. In kuma dole sai an kira sunan wani a masallaci don a yi koyi da shi, to akwai su a kowace unguwa: direban da ya mayar da jakar kuɗin da aka manta a motarsa, ma'aikacin da ya yi ritaya a gidan haya bayan ya riƙe baitulmali, uwar adashin da ta shekara 30 ba a taɓa neman ko naira a hannunta an rasa ba. Ku kira irin waɗannan, a yi musu kabbara yara suna ji.

Yaron nan da ya yi mini maganar miliyan bana zai gama sakandare. Mahaifinsa tela ne, mutumin kirki, bai taɓa jin an ambaci sunansa a lasifika ba. Na yi iyakar ƙoƙarina a aji, amma minti 40 nake da shi, kuma ni Hausa kawai nake koyarwa. Ranar Juma'a mai zuwa zai yi wanka ya sa farar rigarsa, ya zo ya zauna a bayan ɗayanku.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yafe mini inda na yi kuskure ko na wuce gona da iri.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma mamunku,
wani malamin Hausa daga Zariya.